Takin Zamani da Wayar Hannu: Tarihin Wani Gwaji a Nijeriya

Tun daga shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, Gwamnatin Tarayya ta ɗauki nauyin sayo takin zamani da rarraba shi ga jihohi a kan farashi mai rahusa. Manufar dai kyakkyawa ce, amma tsakanin tashar jirgin ruwa da gonar talaka akwai hannuwa da yawa. Ɗan kwangila ya taɓa, ma'aikaci ya taɓa, ɗan siyasa ya ware na mutanensa. Wani takin ya ƙetare iyaka zuwa Nijar ko Kamaru, wani kuma ya iso ƙauye bayan gero ya yi bununi. An janye tallafin a 1997, aka mai da shi a 1999, amma halin bai sake ba.

A shekarar 2001 ne wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai, kuma cikin shekara goma ta kai ƙauyukan da ba su taɓa ganin wayar tangaraho ba. A kan wannan ne Ministan Aikin Gona, Dokta Akinwumi Adesina, ya dogara a 2012, bayan ya bayyana cewa manoma 11 kacal cikin 100 ke samun takin da gwamnati ke kashe wa kuɗi. Dabararsa ita ce gwamnati ta tsame hannunta daga saye da rabo. Sai a rubuta sunan manomi da lambar wayarsa a na'ura, in lokaci ya yi a aiko masa da saƙo, ya tafi wurin dillalin da aka amince da shi, ya biya rabin kuɗin buhu biyu. Sauran rabin kuwa Tarayya da jiha su raba daidai, su biya dillalin. Wato dai tallafin ya bi sunan mutum, maimakon ya bi motar ɗan kwangila. An yi wa manoma fiye da miliyan 10 rajista, kuma da yawa daga cikinsu a lokacin ne suka fara riƙe buhun gwamnati da hannunsu.

To, amma fa akwai cikas. Ƙauyuka da yawa ba sa samun layi, wasu manoman, musamman mata, ba su da waya, wasu kuma ba sa iya karanta saƙon, har ta kai ana komawa ga jerin sunaye a takarda. Buhu biyu ma, kamar yadda kowane manomin masara ya sani, ba ya isar kadada guda.

Abin da ya durƙusar da shirin kuwa ba na'ura ba ce. Farashin man fetur ya faɗi a 2014, gwamnatoci suka kasa biyan nasu rabin, bashin biliyoyin naira ya taru, dillalai suka ƙi fitar da kaya. Adesina ya tafi shugabancin Bankin Raya Afirka a 2015. A ƙarshen 2016 gwamnatin Buhari ta ƙulla yarjejeniya da Maroko, aka koma harhaɗa taki a cikin gida ana sayar da buhu naira 5,500, ba tare da an aika wa manomi saƙo ba.