FASHIN BAƘI: Yadda ake koya wa ƙananan yara kyauta da rabo a rabin aji cikin birnin Kano

A yawancin unguwannin cikin ganuwar Kano, daga Yakasai zuwa Mandawari da Dala, yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana raba yininsa ne tsakanin gida, makarantar allo ko Islamiyya, da ajin share fagen firamare wanda aka fi sani da rabin aji. A wannan aji ne yakan fara zama na sa'o'i da yaran da ba 'yan gidansu ba, ga kayan wasa kaɗan, ga abincin tara da wani ya zo da shi wani bai zo da shi ba. Nan ne batun "nawa ne" da "namu ne" ke fara zama darasi.

Wannan bayani ya tattaro abin da doka ta tanada, abin da al'adar birni ta riga ta gina, da abin da bincike ya gano game da koya wa yaro bayarwa.

Me doka ta ce?

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta sanya kula da ƙananan yara da ilmantar da su cikin ma'anar ilimin tushe. Sai dai tilascin da dokar ta ɗora ya tsaya ne kan firamare da ƙaramar sakandare. Dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya ga wannan fanni, kuma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi. A tsarin rabon da UBEC ta daɗe tana bi, kashi 5 cikin 100 ne rabon azuzuwan ƙananan yara, 60 na firamare, 35 na ƙaramar sakandare.

Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2013, ta shigar da shekara guda ta share fage cikin ilimin tushe. Daga cikin manufofin wannan mataki akwai cusa kyawawan ɗabi'un zamantakewa da kuma sabar wa yaro da haɗin kai da aiki tare. Ta kuma ƙayyade malami ɗaya ga yara 25. Ma'ana, koya wa yaro rabo da ɗan'uwansa aiki ne da gwamnati ta rubuta wa kanta.

A Kano, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, inda shi da kansa ya ambaci ƙarancin malamai da miliyoyin ɗaliban da ke zama a ƙasa.

Me yaron birni ke zuwa da shi daga gida?

Yaron cikin birni ba ya shiga rabin aji hannu rabbana a wannan fanni. Masaniyar halayyar al'umma Enid Schildkrout, wadda ta yi nazari a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970, ta nuna cewa yara ne ke haɗa gidajen da matansu ke cikin kulle: su ake aika, su ke kai saƙo, su ke ɗaukar kwanon abinci daga wannan gida zuwa wancan. Yaron da aka ɗora wa kwanon tuwo ya kai wa maƙwabta ya ga kyauta da idonsa tun kafin ya san sunanta.

Haka abin yake a sauran al'adu. A ciyayya, kowane gida yana fito da akushinsa a haɗu a ci tare a zaure ko ƙofar gida. A makarantar allo, yaro ne ke miƙa wa malam kuɗin Laraba da hannunsa, kuma idan ɗalibi ya kai wani mataki a karatu, iyayensa kan yi sadakar abinci a raba wa 'yan makaranta. Daga goma ga watan azumi yara kan fita tashe ƙungiya-ƙungiya, su dawo su kasafta abin da suka samu. Ga zakkar kono a ƙarshen azumi, ga rabon naman layya, wanda galibi yara ke zagayawa da shi.

Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya lissafa karamci cikin siffofin da ake auna mutum da su, tare da gaskiya, amana, haƙuri da kunya. Shi ya sa kalmar "marowaci" take da zafi ko a bakin yara.

Shin rowar ƙaramin yaro mugun hali ce?

Bincike ya nuna cewa mataki ne na girma. A 2008 mujallar kimiyya ta Nature ta buga nazarin Ernst Fehr da abokan aikinsa kan yara 229 a Suwizalan, masu shekara 3 zuwa 8. An ba kowane yaro zaɓi: ya riƙe kason alewa biyu shi kaɗai, ko ya ɗauki ɗaya a ba wani yaro ɗaya. Cikin 'yan shekara 3 zuwa 4, ƙasa da kashi 10 cikin 100 ne suka yarda su raba da ɗan makarantarsu. Cikin 'yan shekara 7 zuwa 8, adadin ya kai kashi 45.

Nazarin ya gano wani abu kuma: yayin da yara ke girma, sun fi raba wa 'yan makarantarsu fiye da yaran wata makaranta. Wato son adalci da fifita na gida suna tasowa tare. A birnin da ɗan unguwa, almajirin da ya zo daga ƙauye da ɗan baƙon ɗan kasuwa ke bin lungu ɗaya, wannan batu ne da malami ba zai kawar da kai daga gare shi ba.

Waɗanne hanyoyi ne ke aiki?

Na farko, aiki tare. A wani nazari na 2011 da Katharina Hamann da Michael Tomasello da wasu suka yi a Jamus, an sa yara biyu su ja igiya tare domin fito da ƙananan ƙwallaye, aka shirya ɗaya ya samu uku, ɗayan ya samu ɗaya. 'Yan shekara 3 sun fi mayar da rabon daidai idan tare suka sha wahalar, fiye da idan ƙwallayen sun zo musu a banza. Wannan shi ne darasin da tashe ya daɗe yana koyarwa.

Na biyu, zaɓi. Nadia Chernyak da Tamar Kushnir na Jami'ar Cornell a Amurka sun nuna a 2013 cewa yaran da aka bar su suka zaɓi bayar da abin da za su iya riƙewa sun fi kyauta daga baya, fiye da waɗanda aka umarta su bayar. Ƙwace biskit daga hannun yaro a miƙa wa na kusa da shi yana kashe rigimar wannan lokaci, amma abin da yaron ya koya shi ne ya ɓoye nasa gobe.

Na uku, taka-tsantsan da tukuici. Felix Warneken da Tomasello sun gano a 2008 cewa yara 'yan wata 20 da aka riƙa ba su lada na abin hannu saboda sun taimaka, taimakonsu ya ragu bayan an daina ba su, saɓanin waɗanda aka yaba musu da baki kawai.

An gudanar da waɗannan nazarce-nazarce ne a Turai da Amurka, kan yara ƙalilan, don haka ba hukunci ba ne a kan kowace al'umma. Amma sun yi daidai da abin da iyaye mata a birni suka sani: yaro ya fi bin abin da ya ga ana yi fiye da abin da aka ce masa.

Ina matsalar take?

Duk hanyoyin nan uku suna buƙatar malami mai lokacin lura da yaro ɗaya-ɗaya, da kuma abin da za a raba. Idan aji ya ninka adadin 25 da aka ƙayyade, aikin malama yakan koma tsawatarwa da rera haruffa. Idan alli da littafin zane ba su wadata ba, mai ƙarfi ne ke samu.

Abinci ma haka. Shirin ciyar da ɗalibai na Gwamnatin Tarayya da aka ƙaddamar a 2016 ya shafi aji 1 zuwa 3 na firamare ne, bai haɗa da 'yan rabin aji ba. Saboda haka lokacin tara shi ne lokacin da bambancin gidaje ke fitowa fili. Idan kullum yara biyu ko uku ne ke bayarwa, sauran kuma suna miƙa hannu, darasin da ajin ya ɗauka shi ne akwai masu bayarwa, akwai masu karɓa.

Nan ne bambancin sadaka da rabo yake da muhimmanci. Sadaka ibada ce mai lada, amma tana da na sama da na ƙasa. Rabo irin na ciyayya kuwa tsakanin tsara ne: kowa ya kawo, kowa ya ci, kowa yana da haƙƙi. Yaron da ya san na farkon kaɗai zai iya girma yana kallon rijiyar burtsatse ko ajin da aka gina da kuɗin jama'a a matsayin kyautar wani mai mulki, wadda sai godiya.

Me za a iya bibiya?

Makarantun firamare na gwamnati a ƙananan hukumomin Birni, Dala da Gwale suna ƙarƙashin hukumar SUBEB ta jiha da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi, kuma kowace makaranta ana sa ran tana da kwamitin al'umma mai sa ido a kanta. Iyaye da matasan unguwa na da damar tambayar yara nawa ke gaban malama ɗaya a rabin aji, ko ta samu horo kan ilimin ƙananan yara, da kuma nawa ne daga kason UBEC ya iso ajin.

A cikin ajin kuwa, wasu matakan ba sa cin kuɗi: raba yara rukuni-rukuni su yi aiki ɗaya da kayan aiki ɗaya, ba kowane yaro ranar da shi zai raba alli ko ruwa, da haɗa abincin tara a faranti guda ga masu so, ba tare da an bayyana wanda ya kawo da wanda bai kawo ba. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince a 2015 da muradin samar wa kowane yaro ingantaccen ilimin share fage kafin 2030.