Bindiga Mai Ruwa da Yaƙin Haɗejiya na 1906



Kano ta faɗa hannun Turawa a watan Fabrairu 1903, Sakkwato ta bi ta a watan Maris, amma ba a ci Haɗejiya da yaƙi ba sai cikin Afrilu 1906, sa'ad da Gwamna Lugga ya tura rundunar Kanar Lowry Cole, jim kaɗan bayan tarzomar Satiru. A wannan gumurzu ne Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, ya kwanta dama a cikin birninsa tare da manyan fadawansa. Abin da za mu duba a yau shi ne ƙirar makaman da aka gwabza da su, domin a nan asirin ranar yake.

Ƙarfin Haɗejiya tun zamanin Sarki Buhari a kan doki yake. Fadamun kogin Haɗejiya, masu yalwar ruwa da ciyawa, su suka riƙe dawakin barade da 'yan lifida. Galibin bindigogin ƙasar Hausa kuwa na ɗuri ne, wato a zuba albarushi ta baki, a cusa harsashi, a danna da tsinken ƙarfe, sa'an nan a ɗana. Gwanin gwanaye da ƙyar yake harbi uku a minti guda, kuma a tsakanin harbi da harbi mahayi yana iya cim masa.

Wannan tazara ce Hiram Maxim ya toshe a 1884. Kowane maharbi ya san bindiga takan yi shuri da baya in ta tashi. Maxim ya sa wannan shuri ya yi aikin mai ɗuri: shi ke fitar da kwanson da aka harba, ya jawo sabon harsashi daga wata ɗamara mai cin 250, ya sake ɗana bindigar. Muddin yatsa na kan kunama, harsashi kimanin 500 zuwa 600 ke fita a minti. Da yake bututun yana zafi ƙwarai, sai aka kewaye shi da tankin ruwa, shi ya sa Hausawa suka raɗa mata suna mai ruwa. Sukuwar doki, komai jaruntakar mahayinsa, ba ta ƙetare irin wannan wuta.

Mai ruwa dai nauyi gare ta, sai an kafa ta a kan ƙafafu, mutane da dama suna yi mata hidima. Amma dabarar ba ta tsaya nan ba. A 1896 kamfanin Mauser na Jamus ya ƙera ƙaramar bindigar hannu mai ɗana kanta da shurinta. A 1932, shekara 26 kacal bayan yaƙin Haɗejiya, ya fito da samfurin Schnellfeuer, mai wani ɗan makunni a gefe. In an juya shi nan, harsashi ɗaya ke fita a kowane ja. In an juya can, sai ta yi ta zuba. Gidan harsashinta yana cin 10 ko 20, kuma 20 ɗin ba sa kai daƙiƙa biyu. Saboda rashin nauyi, bakinta yakan ɗaga sama in tana zuba, don haka ake haɗa mata kubenta na katako a gindi, a tokare da kafaɗa. Makunnin nan shaida ne cewa maƙeran sun san yawan wuta ɓarnar harsashi ne ga wanda bai iya saiti ba.

To, jama'a, wutar da a 1906 sai gwamnati mai runduna da 'yan dako ke iya kawo ta bakin ganuwar Haɗejiya, yau mutum ɗaya yana iya ɓoye irinta a ƙarƙashin riga. Ma'aikacin da aka damƙa wa tsaron kan iyaka ko rumbun makamai, ya san nauyin abin da ke hannunsa.