Tarihin Kallon Ra'asul Guli: Kusufin Tagwayen Taurarin da Nauyinsu Ya Sha Bamban

A sashen arewa na sararin samaniya, cikin gungun taurarin da Girkawa suka laƙaba wa sunan jarumi Farsiyus, akwai tauraron da Larabawa suka kira Ra'asul Guli, wato kan dodo, wanda Turawa suka gajarce sunansa ya koma Algol. Masanin falaki Abdurrahman as-Sufi ya lissafa shi a littafinsa na siffofin taurari wajen shekarar 964, amma abin da ya ɗaukaka shi shi ne ɗabi'arsa ta dushewa, domin a kowane kwana 2 da sa'a 20 da minti 49 haskensa yakan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, sannan ya dawo yadda yake, kuma dushewar da farfaɗowar duka ba su wuce kamar sa'a 10 ba.

Geminiano Montanari, malamin lissafi a Bolonya ta ƙasar Italiya, ya lura da wannan sauyi a 1667, sai dai bai gano cewa yana bin ƙa'ida ba. Wanda ya gano ƙa'idar shi ne John Goodricke, saurayi kurma mazaunin birnin York a Ingila, wanda ya soma bin diddigin tauraron da ido zalla a ƙarshen 1782 tare da maƙwabcinsa Edward Pigott, yana gwada haskensa da na taurarin da ke kewaye da shi dare bayan dare. A 1783 ya aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society lissafinsa, ya kuma kawo shawarar cewa wataƙila wani babban abu mai duhu ne ke zagaya tauraron yana tare haskensa, kamar yadda wata ke tare rana a lokacin kusufi. Ƙungiyar ta ba shi lambar yabo ta Copley a wannan shekarar, ya rasu a 1786 yana da shekara 21, kuma abin tausayi ne cewa babu wata na'ura a zamaninsa da za ta iya gaskata shi.

Hujjar ta jira fiye da shekara 100. A 1889 Hermann Carl Vogel ya yi amfani da na'urar rarrabe haske a Potsdam ta Jamus, wadda ke baje hasken tauraro zuwa launuka kamar bakan gizo, ya ga cewa layukan duhu da ke cikin launukan suna karkata wajen ja kafin kusufi, wajen shuɗi kuma bayansa, abin da ke nuna cewa tauraron yana nisantar duniya sannan yana kusantarta saboda yana kewaya abokin zama. A 1910 Joel Stebbins na Jami'ar Illinois a Amurka ya auna hasken da na'urar lantarki, ya gano ƙaramin kusufi na biyu, wanda ya tabbatar da cewa abokin zaman tauraro ne mai nasa haske, ko da yake ya fi na farkon sanyi da dushewa.

Da aka samu damar ƙiyasta nauyin tagwayen, wato yawan sinadarin da kowannensu ya ƙunsa, sai aka ci karo da abin da ya ɗaure wa masana kai. Mai hasken ya ninka nauyin rana fiye da sau 3, shi kuwa mai dushewar bai wuce kashi 7 cikin 10 na nauyin rana ba, amma duk da haka ya fi ɗan'uwansa faɗi, ya kumbura irin kumburin da ke samun tauraro bayan ya ƙone iskar haidirojin da ke tsakiyarsa. Ƙa'idar rayuwar taurari kuwa ita ce mai nauyi ya fi saurin cinye makamashinsa, saboda haka shi ke riga tsufa, kuma tagwayen da aka haifa lokaci guda daga gajimare guda bai kamata marar nauyinsu ya riga mai nauyi tsufa ba. Wannan saɓani shi aka sani da rikicin Algol, kuma ba ƙaramin al'amari ba ne, domin in ba a warware shi ba ƙa'idar kanta ce za ta shiga tuhuma.

Warwarar ta zo a 1955 daga John Crawford, wanda ya nuna cewa wanda ake gani marar nauyi a yau shi ne mai nauyin asali. Ya riga tsufa kamar yadda ƙa'ida ta tanada, ya kumbura har ya cika iyakar da ƙarfin jansa ke iya riƙe iska, iyakar da ake dangantawa da masanin lissafin Faransa Édouard Roche, daga nan kuma iskarsa ta riƙa kwarara zuwa ga ɗan'uwansa, wanda tazarar da ke tsakaninsu kusan kilomita miliyan 9 ce kacal, har mai karɓa ya fi mai bayarwa nauyi. A shekarar ce kuma Zdeněk Kopal na Jami'ar Manchester ya kasa tagwayen taurari gida uku bisa wannan iyaka: waɗanda babu wanda ya cika ta a cikinsu, waɗanda ɗaya ya cika, da waɗanda dukkansu suka cika har suka haɗe jiki. Algol yana rukuni na tsakiya.

Hasken mai nauyin ya danne na ɗan'uwansa ƙwarai, har sai a 1978 aka iya tsinto layukan marar nauyin a na'urar rarrabe haske aka auna tafiyarsa kai tsaye. A 2012 aka wallafa hotunan da jerin madubin hangen nesa na CHARA da ke Dutsen Wilson a Kalifoniya ya haɗa, inda tagwayen suka bayyana a rarrabe daga nisan shekarun haske kusan 90, marar nauyin ya miƙe kamar ƙwai wajen ɗan'uwansa, ga kuma tauraro na uku da ke zagaye su biyun sau ɗaya a kowace shekara 1 da wata 10.