Rumbu da Shanya: Tarihin Ajiyar Abinci a Ƙasar Falgore

Ƙasar da mu ke nufi a nan ita ce wadda ta taso daga Bebeji da Ƙiru, ta ratsa Tudun Wada, ta dangana da duwatsun Riruwai a Doguwa. Ta fi arewacin Kano samun ruwan sama, saboda haka dawa ta fi gero yawa a cikinta, kuma laima ta fi saurin ɓata abin da aka ajiye. Duk da haka talakawanta sun daɗe da sanin yadda a ke kai amfanin kaka har wata kaka ba tare da kashe ko anini ba. Nufinmu mu nuna cewa dabarar ajiya ba ta taɓa gaza manomi ba. Abin da ya fi cin rumbunsa shi ne bukatar kuɗi.

Tushen ajiya duka rumbu ne. Akwai na zana, akwai kuma na ƙasa, watau rufewa, wadda a kan ɗora bisa duwatsu don gudun danshi da gara da ɓera. Ba a sussuke dawa kafin a zuba. Dami a ke jerawa da zangarniyarsa, gama hatsin da ba a sussuke ba ya fi jure ƙwari. Wake kuwa, da ya ke ya fi kome saurin huda, a kan gauraya shi da toka ko yashi, a liƙe bakin tukunya da taɓo. Bisa al'adar gandu, maigida ya kan rufe babban rumbu bayan kaka, samari su tafi cin rani, ba a buɗewa sai damina ta faɗi, sa'ad da aikin gona ya ke bukatar ƙarfi. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Kayan miya kuwa aikin mata ne, jarinsu rana da hunturu. Su kan yanka kuɓewa su shanya, su busar da ganyen kuka su daka, su yi gabu da ganyen albasa. Ɗorawa ta fi kowace itaciya amfani a nan. Garinta a kan sha lokacin da hatsi ya yi ƙaranci, kalwarta kuwa a dafa ta har ta yi laushi, a cire ɓawo, a sake dafawa, a rufe kwana biyu ko uku ta ruɓa, kana a daka, a faɗaɗa, a shanya ta zama daddawa. Maharban dajin Falgore su kan yi bandar nama da hayaƙi, kafin a keɓe dajin a hana farauta a cikinsa. Kilishi da dambun nama sun fi banda daɗi, amma guzurin fatake ne da masu hali, ba abincin talaka na kullum ba. Asirin waɗannan duka ɗaya ne: ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba su rayuwa sai da ruwa, in an raba su da shi sun mutu ko sun kwanta.

A ƙarni na 19 babban abin tsoro shi ne hari. Zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau sarauta cikin 1855, Ningawa sun matsa wa kudancin Kano, har ya zama hatsi ba ya kwana lafiya sai cikin ganuwa. Bebeji tana cikin garuruwan nan masu ganuwa. Clapperton ya bi ta cikinta a 1826, kuma ita ce rundunar Kanar Morland ta fasa a 1903 bisa hanyarta ta zuwa Kano.

Da Turawa suka zauna hari ya ƙare, amma wani maciyin rumbu ya shigo. Haraji ya koma na kuɗi tsaba, ana kuwa karɓarsa da kaka, lokacin da hatsi ba shi da daraja. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekara ta gaba. Sai damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar nan ta 1914 da a ke kira Kakalaba, mutanen arewa suka yi ta kwararowa kudu neman abinci. Michael Watts, cikin littafinsa na 1983 a kan yunwa a ƙasar Hausa, ya nuna yadda haraji da kasuwa suka raunana tanadin manoma. Polly Hill ma, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta nuna cikin 1972 cewa matalaucin manomi ya kan sayar da hatsinsa da arha a kaka, ya dawo ya saye shi da tsada kafin sabo ya nuna. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano cikin 1979, amma bashi da biki da magani ba su daina buɗe rumbu kafin lokacinsa ba.

To, ina gwangwani cikin wannan labari? Wani mutumin Faransa, Nicolas Appert, shi ya bayyana dabarar dafa abinci cikin kwalba a liƙe a 1810, a shekarar nan kuma Peter Durand ya yi rajistar gwangwani a Ingila. Kuza a ke shafa wa gwangwani don kada ya yi tsatsa, mutanen Riruwai kuwa suna narka kuza tun kafin zuwan Turawa. Amma abincin gwangwani bai zama na talakan ƙasar ba, domin shi saya a ke yi, rana kuwa kyauta ce.

Gina madatsar ruwa ta Tiga, da aka gama cikin 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya kawo noman rani mai yawa a Kadawa da kewayenta. Tumatir ya kan yi yawa da rani har ya rasa mai saye, sai manoma suka koma ga dabarar iyayensu mata, suna yankawa suna shanyawa ya zama kauɗa. Waɗansu matan su kan niƙa shi su dafa, su ɗura a kwalba, su sake tafasa kwalbar a rufe. Wannan ya kan yi kyau saboda tsamin tumatir. Nama da wake kuwa, da ba su da tsami, tafasar tukunya ba ta isa ta kashe ƙwayar gubar da ke cikinsu ba, don haka shanya da banda sun fi musu aminci. Har wa yau buhun nan mai leda biyu a ciki, da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, aikin tukunyar taɓo ya ke yi, watau ya hana ƙwaro iska.

Saboda haka ya kamata malaman da ke horad da masu koyarwa su sa ɗalibansu su tambayi tsofaffin garuruwansu sunayen rumbuna da na shekarun yunwa, su rubuta tun masu sani suna da rai. In kuwa an zo zancen taimakon manomi, a tuna ya riga ya iya ajiya. Abin da ya ke bukata shi ne abin da zai riƙe shi da kaka, don kada ya sayar da abincin daminarsa.