Wa zai biya kuɗin magani? Tarihin muhawarar inshorar lafiya a ƙasar Gaya

Ƙaramar hukumar Bana tana cikin gundumar Gaya ta jihar Dosso, a kusurwar da Nijar ta haɗa iyaka da Benin da Najeriya, kuma mazaunanta manoma ne da makiyaya da masu dafa gishirin Dallol Foga, waɗanda akasarinsu ba su da albashin wata. Yankin yana cikin mafi samun ruwan sama a duk faɗin Nijar, abin da ya sa zazzaɓin cizon sauro ke tsananta da damina, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma kuɗi ya yi wuya a hannun magidanta. Saboda haka muhawarar da ake yi a duniya, tsakanin masu son gwamnati ta ɗauki nauyin lafiyar kowa da masu fifita inshorar kamfanoni, tana da wata siffa ta daban a nan, domin abin da ya fi damun talaka shi ne lokacin biya: ko a ranar da ciwo ya kwantar da shi, ko tun yana da ƙoshin lafiya, tare da sauran jama'a.

Inshorar lafiya tsari ne da mutane da yawa ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya, a riƙa biyan kuɗin jinyar duk wanda ya kamu da rashin lafiya daga cikinsu. Jamus ta fara tilasta wa ma'aikata shiga irin wannan asusu a 1883, zamanin Bismarck. Ingila ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, wadda ake ciyarwa daga haraji. Amurka kuwa ta bar babban kaso a hannun kamfanoni masu neman riba. Nijar ta gaji tsarin mulkin mallakar Faransa bayan samun 'yancin kai a 1960, inda jinya a gidajen likita na gwamnati take kusan kyauta, sai dai gidajen ba su da yawa kuma akasarinsu a birane suke. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali ya kasa sayen magunguna, kyautar ta zama ta suna kawai, domin majinyaci yakan fito da takardar magani a hannu ya nufi kanti ko kasuwa.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka hallara a Bamako tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF, suka amince da abin da aka kira Shirin Bamako, wato jama'a su riƙa biyan wani abu don a samu kuɗin sabunta magunguna, kwamitin gari kuma ya kula da asusun. Kafin ta yaɗa tsarin, Nijar ta yi gwaji daga 1993 a gundumomi uku. A Say an ɗora biyan kai tsaye, sefa 200 ga babba da sefa 100 ga yaro a kowace rashin lafiya. A Boboye, wadda ke cikin jihar Dosso, an ƙara sefa 200 a kan harajin shekara na kowane mai biyan haraji, sannan majinyaci ya ba da sefa 50 kawai, yaro kuma sefa 25. Illela aka bari yadda take don a samu abin gwadawa. Sakamakon da aka wallafa a 1995 ya nuna cewa zuwa likita ya ƙaru sosai a Boboye, har ma a tsakanin mafi talauci, fiye da yadda aka gani a Say, domin nauyin ya rarrabu a kan masu lafiya da marasa lafiya baki ɗaya.

Duk da wannan darasi, bayan dokar 1995 da ta halatta karɓar kuɗi a ƙananan gidajen likita, hanyar biyan kai tsaye ce ta mamaye ƙasar, saboda ta fi sauƙin gudanarwa: kuɗin yana shiga hannun ma'ajin likita nan take, ba sai an jira masu karɓar haraji ba. Wannan ya zo bayan karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, wanda ya tsadar da duk maganin da ake shigowa da shi. Magunguna sun dawo kan kantocin likita, amma wanda ba shi da kuɗi a ranar ciwo yakan jinkirta, ya sayar da akuya ko ya ci bashi, ko kuma ya koma ga masu tallar ƙwayoyi, waɗanda kasuwancin iyaka tsakanin Gaya da Malanville ta Benin da Kamba ta Najeriya ya sauƙaƙa wa samun haja.

Gwamnatin Mamadou Tandja ta sauya alkibla. Daga 2001 shirinta na musamman ya gina ƙananan ɗakunan shan magani kimanin 2,000 a ƙauyuka da kuɗin sassaucin bashi, a 2005 aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 kuma aka haɗa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki da tsarin iyali. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma jinyar kyauta tana cikin dalilan da aka ambata, tare da rabon gidan sauro da yaƙi da tamowa. Raunin tsarin yana wajen biya, domin gidan likita ne ke fara yin jinyar, ya aika takardun neman biya Yamai, ya jira watanni ko shekaru, har bashin da ake bin gwamnati ya kai biliyoyin sefa, magunguna suka riƙa yankewa, iyaye suka koma saye daga waje.

Inshorar kamfanoni ba ta taɓa zama mafita ga irin mutanen Bana ba, kuma dalilin a fili yake: kamfani yana son mai albashi wanda za a cire wa kuɗi kowane wata, yana kuma gudun tsoho da mai ciwo mai daɗewa, shi ya sa abokan cinikinsa a Nijar ma'aikatan bankuna ne da na kamfanonin ma'adinai da ƙungiyoyin agaji. Najeriya ta gwada haɗa gwamnati da kamfanoni a tsarin inshorarta da aka ƙaddamar a 2005, inda kamfanoni ke shiga tsakani wajen biyan asibitoci, amma bai wuce ma'aikatan gwamnatin tarayya sosai ba, har a 2022 aka yi sabuwar dokar da ta wajabta inshora ga kowa. A Nijar an gwada ƙungiyoyin taimakon juna na lafiya, waɗanda dokar 2008 ta tsara, masu kama da adashi sai dai mai kwasa shi ne wanda ciwo ya kama. Da yawa sun durƙushe saboda ƙanƙanta, tun da asusun ƙauye ɗaya ba ya jure damina mai yawan zazzaɓi.

Wannan ne ya sa a farkon shekarun 2020 aka kafa inshorar lafiya ta gunduma a Gaya da Gotheye, da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Beljiyam, Enabel. Manufarta ita ce a haɗa ƙananan hukumomin gunduma, irin su Bana da Bengu da Tanda da Tunuga, cikin asusu ɗaya mai ƙwararrun ma'aikata, wanda ba ya neman riba. A matakin ƙasa an kafa cibiyar INAM don ta riƙa biyan kuɗin jinyar kyauta, sannan a watan Agustan 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi, ta kuma mayar da haihuwa kyauta.

Shekaru talatin na gwaji sun tabbatar da cewa biyan kuɗi a gadon jinya ya fi cutar da talaka, alkawarin kyauta kuma ba ya ɗorewa sai da kuɗin da aka ware masa kuma ake biya a kan kari. Shugabannin Afirka sun ɗauki alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma kason da Nijar ke warewa bai kai haka ba. Makomar asusun Gaya ta rataya a kan abubuwa uku: karɓar gudummawar manomi da kaka, lokacin da yake da abin hannu, biyan kason marasa galihu daga baitulmali, don kada asusun ya dogara da tallafin waje, da samun magani a gidan likita duk ranar da mai katin inshora ya zo, domin da wannan ne jama'a ke yanke shawarar sabunta katinsu a shekara mai zuwa.