Yadda Ake Bayanin Binciken Lafiya Cikin Harshe Mai Sauƙi

Binciken lafiya shi ne hanyar da masana ke bi su gano ko wani magani yana aiki, ko wani abu yana jawo cuta. Ana rubuta sakamakonsa da kalmomin da masana ne kawai suka saba da su. Idan bayanin ya iso ga majiyyaci a haka, yana iya barin maganin da ke masa amfani, ko ya rungumi wanda ba a tabbatar da shi ba. Haƙƙin majiyyaci ne a yi masa bayani da harshen da yake fahimta.

Me ya sa wannan yake da muhimmanci?

A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200. Daga baya iyaye da dama sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya musanta. Maganar ta kai kotu, aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Rashin yardar da abin ya bari na cikin dalilan da aka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. Amana idan ta zube, tattara ta sai an daɗe.

Kalmomin da suka fi rikita mutane

"Fozitif" a takardar gwaji na nufin an sami abin da ake nema a jiki, kamar ƙwayar cuta. "Negatif" kuma ba a same shi ba. Wasu kan ɗauka fozitif albishir ne, alhali sau da yawa akasin haka ne.

"An sami alaƙa" tsakanin abu da cuta ba ya nufin abin ne ya jawo cutar. Ana yawan shan ƙanƙara lokacin zafi, sanƙarau ma lokacin zafi take yaɗuwa, amma ƙanƙara ba ta kawo sanƙarau.

"An gwada a ɗakin bincike" sau da yawa na nufin an gwada a kan ɓeraye ko ƙwayoyin halitta a cikin kwalba. Magunguna da yawa da suka yi aiki a ɓeraye ba su yi aiki a mutane ba.

Yadda ake karanta lambobi

A 2015, hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cin giram 50 na sarrafaffen nama kullum, kamar tsiran Turawa, yana ƙara haɗarin ciwon dajin hanji da kashi 18 cikin ɗari. Wannan ba ya nufin mutum 18 cikin 100 za su kamu. A ce mutum 5 cikin 100 ne ke kamuwa a rayuwarsu, to ƙarin kashi 18 zai mai da su kusan 6 cikin 100. Ƙarin gaskiya ne, amma bai kai yadda kunne ya ji shi da farko ba.

Haka nan rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Oktoban 2023, Nijeriya kuma ta fara bayarwa a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Bincike ya nuna ya rage kamuwa da zazzaɓin da kusan kashi 75 cikin ɗari a cikin shekara guda, a wuraren da cutar ke zuwa da damina, idan aka yi allurar kafin lokacin. Ma'ana, a ce yara 40 ne za su kamu ba tare da allura ba, da allurar kusan 10 ne za su kamu. Tunda waɗannan 10 na nan, gidan sauro da kai yaro asibiti da zarar ya yi zazzaɓi suna nan daram.

Tambayoyin da za ku yi wa likita

- A kan mutane aka yi binciken ko dabbobi, kuma mutum nawa?
- Cikin mutum 100 masu irin ciwona, nawa ne suka amfana?
- Waɗanne illoli aka gani?
- Wannan zai canja maganin da nake sha yanzu?

Bayan likita ya amsa, ku maimaita masa abin da kuka fahimta da bakinku. Idan da kuskure, nan take zai gyara.

Idan aka gayyace ku shiga bincike

Dole a bayyana muku manufarsa, da amfaninsa, da haɗarinsa kafin ku sa hannu ko ku dangwala. Ku nemi a karanta muku takardar da Hausa a gaban wanda kuka amince da shi. Kuna da damar ƙin shiga, ko ku fita duk lokacin da kuka ga dama, kuma hakan ba zai hana a ci gaba da duba ku a asibiti ba.

Kada ku daina shan maganin da aka rubuta muku saboda labarin bincike da kuka ji a rediyo ko kuka gani a WhatsApp. Ku fara tuntuɓar likitanku.