Tsara Dandamalin Wasanni a Tsohon Dandali: Nazari a Kan Karofane da Garuruwan Kwarin Majiya

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bincike ne a kan yadda ya kamata a gina wurin wasanni na sarari a cikin tsohon dandalin gari a gundumomin Buza, Madawa da Kaita na jihar Tawa. Ta hanyar gwada al'adar wasannin ƙasar Adar da lissafin tafiyar sauti, da yanayin iska, rana da ruwa, da kuma hukunce-hukuncen fiƙihu game da filin jama'a, an kafa hujja cewa abin da ya dace shi ne a ɗaga masu kallo a kan matakala, a bar mai wasa a ƙasa.

Muƙaddima

Duk wanda ya san garuruwan Adar ya san cewa wurin shan iska da taruwar jama'a a cikinsu, wanda ya gaji tarihi kuma kowa ke da haƙƙi a kansa, shi ne filin ƙofar fada, ko gefen kasuwa, ko gindin wata tsohuwar tsamiya, inda 'yan mata ke gaɗa da farin wata, samari su yi kokowa bayan an ɗauke amfanin gona, makaɗa kuma su baje kolinsu ranar salla. Tun daga zamanin Janar Seyni Kountché, sa'ad da aka raya ƙungiyoyin samariya, aka kuma fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a shekarar 1975, wadda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya lashe, hukuma ta shiga gina wa wasanni mazauni na dindindin, har bikin Tahoua Sakola na 2017 ya sake ƙawata babban birnin jihar. Bisa ga al'ada, abin da aka yi a birni shi ƙananan hukumomi irin Karofane ke kwaikwayo idan kuɗi ya samu, saboda haka mas'alar ta cancanci a yi mata tahaƙiƙi tun kafin a haƙa harsashi.

Fasali na ɗaya: Siffar taro da lissafin sauti

Galibin wasannin Hausawa na fili, kokowa ce, ko dambe, ko kiɗan kalangu, ko barkwancin 'yan kama, a da'ira ake yinsu, jama'a na kewaye, mai wasa na tsakiya, kuma iyakar da ke tsakaninsu ba ta da tsanani, domin mai kyauta yakan ratsa fili ya liƙa wa makaɗi kuɗi, sanƙira ya zagaya yana shelar sunansa. To, dandamalin siminti mai tsayin mita guda da ke fuskantar gefe ɗaya, irin wanda aka aro daga gidajen wasan Turai, yana yanke wannan zirga-zirga baki ɗaya, alhali kuwa ita ce hanyar abincin maroƙi. Ban da haka, ɗan kokowa ba ya faɗuwa a kan siminti. Rairayi yake bukata. Wannan ne dalilin da ya sa filayen kokowa na manyan birane, kamar na Hamidin Mai Dare a Tawa, suka riƙe da'irar rairayi a ƙasa, suka ɗora jama'a a kan matakala kewaye da ita.

Lissafi ma yana goyon bayan al'ada. Masana sauti sun tabbatar cewa a sarari, inda babu bango ko rufi da zai mayar da murya, ƙarfinta yana raguwa da kimanin desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka, ta yadda maganar yau da kullum, mai kusan desibel 60 a nisan mita 1, takan koma 42 a mita 8, ta koma 36 a mita 16, inda hayaniyar taro ke haɗiye ta. Mu ƙaddara fili mai faɗin mita 20, an kewaye shi da matakala 5, kowace mai tsayin santimita 40 da zurfin santimita 90. Idan aka ba kowane mutum rabin mita, aka kuma cire rubu'in da'irar domin ƙofofi da mazaunin makaɗa, za a zaunar da mutum kamar 550, kuma na can ƙarshe bai kai mita 15 daga tsakiyar fili ba. Wannan adadi kuwa, in a jere za a zaunar da shi gaban dandamali mai faɗin mita 12, sai an yi sahu 23, na baya ya yi nisan fiye da mita 20. Girkawan da suka gina gidan wasan Efidaurus a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a kan wannan ƙa'ida suka yi aiki, sai dai su sun jingina matakalarsu da gefen tsauni.

Akwai suka mai ƙarfi da ba za a kau da kai daga gare ta ba, wato mai magana a tsakiyar da'ira lalle ne ya juya wa wasu baya, kuma murya ta fi rauni ta wajen ƙeya. Makaɗi da sanƙira sun daɗe da warware wannan da zagaye da maimaici, amma wasan kwaikwayo na zamani, irin na ƙungiyar Yazi Dogo da takwarorinta, wanda Janet Beik ta yi wa nazari a littafinta na 1987, yana bukatar bango a baya, da ƙofar shiga da ta fita, da wurin sauya tufafi. Saboda haka ra'ayina shi ne kada a rufe da'irar: a bar rubu'i ɗaya a gina masa katanga, da dakali mai tsayin taki biyu kawai a gabanta.

Fasali na biyu: Iska, rana da ruwa

Ina za a kafa wannan katanga? Amsar tana cikin yanayin ƙasar. Lokacin wasanni shi ne bayan kaka zuwa ƙarshen ɗari, sa'ad da iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, kuma da la'asar ake taruwa, rana ta karkata yamma. Idan katangar ta tsaya a arewa maso gabas, sai ta tare ƙura, ta mayar da murya wajen jama'a, mafi yawan masu kallo su ba rana baya, haskenta kuma ya sauka a fuskar masu wasa. Abin da ya saura na iskar ma, tun da ta bayan mai magana yake zuwa, taimakon muryar yake yi. Mutanen kwarin Majiya ba baƙin wannan ilmi ba ne, domin tun 1975 aka fara dasa musu layukan bedi biyu-biyu, tazarar mita 100 tsakanin kowane shinge, da taimakon ƙungiyar CARE, don kare gero daga iska. Layi ɗaya irin wannan a bayan katangar zai wadatar.

Ruwa ya fi iska haɗari. Damina a nan gajera ce, amma ruwan kan sauko da ƙarfi lokaci guda, ya gangaro daga tuddan marmara, saboda haka wanda ya haƙa fili kamar ƙwarya don ya sami matakala ya gina tafki ne. Sai a tayar da matakalar sama da ƙasa, a jera ta da jan dutse ba tare da siminti ba, yadda ruwa zai ratsa, a kuma karkatar da filin kaɗan zuwa magudana. Wannan sana'a tana hannun mutanen yankin, maza da mata, tun aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, inda aka jera duwatsu don tare zaizayar ƙasa. Game da inuwa, gawo ya fi dacewa, domin yakan yi ganye da rani ya zubar da damina, sai dai jinkirin girmansa. Kafin nan rumfar zana da tabarmin kaba na Madawa sun isa, kuma sun fi rufin kwano, wanda ke tara zafi.

Fasali na uku: Haƙƙin wuri da hukuncinsa

Tsohon dandali ba mataccen fili ba ne da kowa zai raya yadda ya so. Malaman Malikiyya sun yi dogon bayani a kan hurumin gari, da na rijiya, da na hanya: Ibn al-Rami na Tunis, wanda shi kansa magini ne, ya tattara hukunce-hukuncen gini a ƙarni na 14, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya yi magana a kan hurumi a cikin Ta'alimur Radi. Asalin da suka dogara a kansa shi ne kore cuta daga jama'a. Natijar wannan ga mai tsara gini ita ce kada matakala ta toshe hanyar masu ɗebo ruwa ko ta dabbobi, kada tsayinta ya sa a riƙa leƙa cikin gidajen maƙwabta, a juya lasifika nesa da masallaci, makewayi kuma kada ya fuskanci alƙibla. Haka nan ya kamata a keɓe wa mata sashe mai ƙofarsa, in ba haka ba da yawansu za su tsaya daga nesa.

Misali mafi kusa na girmama tsohon wuri yana Dandaji, cikin wannan jiha, inda Mariam Issoufou Kamara ta gina kasuwa a 2018 kewaye da tsohuwar bishiyar da ake cin kasuwar a gindinta, ta mai da wurin mazaunin jama'a maimakon ta sare ta. Masallacin Yama kuwa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962 har ya sami kyautar Aga Khan a 1986, shaida ne cewa maginan Adar na iya tayar da katangar da ake bukata. Sharaɗi ɗaya ya rage game da itatuwan dandalin: kada a yi daɓen siminti ko a haƙa harsashi a ƙarƙashin rassansu, domin saiwa na yaɗuwa aƙalla gwargwadon inuwa, kuma a bar tazarar nan tun a kan takardar zane, kafin magajin gari ya sa hannu.